Mako shida a ajin fasa dogayen kalmomin Turanci

Katin asibiti ne ya kai ni wannan aji. Bara da damina Hajiyarmu ta kwanta kwana uku da amai da gudawa, da aka zo sallamarta sai na ga likita ya rubuta "gastroenteritis". Harafi 15. Na tsaya ina kallon kalmar gabana yana faɗuwa, don a zatona tsawon suna shi ne girman ciwo. Na gama sakandare, ina karanta rasit da saƙon banki a shagona na Babbar Kasuwa, amma kalma tana yin tsawo sai in ji an rufe mini ƙofa. Kunya kuma ta hana ni tambayar likitan.

Wani maƙwabcin shagona ne ya ba ni labarin wani dattijo, tsohon malamin Turanci da ya yi ritaya, yana koyarwa a zaurensa wajen Ƙofar Sauri. Litinin da Laraba bayan sallar isha'i, mako shida, naira 6,000. Mu goma sha huɗu ne, yawanci samari masu shirin JAMB, sai mu uku magidanta.

Daren farko na miƙa masa katin Hajiya, na ce, "Allah gafarta Malam, wannan ce ta kawo ni." Ya rubuta ta a allo, ya ja layi biyu da alli ya raba ta uku. "Gastro" tumbi, "entero" hanji, "itis" kumburi. Ya ce, "To Alhaji, haɗa da kanka." Na ce kumburin tumbi da hanji. Wallahi sai da na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina. Daga wannan "itis" ɗin kaɗai muka buɗe "hepatitis", ciwon hanta, da "arthritis" na gaɓoɓi, da "meningitis", wato sanƙarau, kumburin fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Ya kuma ja kunnenmu kan "hyper" da "hypo": na farko abin da ya haura kima, na biyu abin da ya gaza. "Hypertension" hawan jini ne, "hypotension" faɗuwarsa, kuma a rubutun likita mai sauri kusan kamarsu ɗaya.

Abin da ya sa karatun ya zauna mini shi ne Malam bai ɗauke mu a matsayin waɗanda ba su san komai ba. Ya tuna mana sarfun Larabci, yadda daga kataba ake samun katibu da maktabu, da yadda a Hausarmu ɗinka ta haifi maɗinki, karanta ta haifi makaranta. Ya ce Turanci ma haka yake ɗinka kalma, sai dai yawancin ƙyallayen aro ne daga Latin da Girkanci, wasu kuma daga Faransanci, tun da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi a 1066 aka daɗe ana shari'a da mulki da harshensu. Shi ya sa bakin likita da na lauya ya fi na kowa dogayen kalmomi. Duk wanda ya taɓa zama gaban malamin zaure zai ga hanyar ba baƙuwa ba ce.

Inda ban gamsu ba shi ne darare biyu cur da aka ƙarar kan kalmomin burga. Akwai "pneumonoultramicroscopicsilicovolcanoconiosis" mai harafi 45, ciwon huhu daga shaƙar ƙura mai laushi ƙwarai. Malam da bakinsa ya ce shugaban wata ƙungiyar masu wasa ƙwaƙwalwa a Amurka ne ya ƙirƙire ta a 1935 don kawai ta yi tsawo, likitoci "silicosis" suke cewa. Sai "antidisestablishmentarianism" mai harafi 28, adawa da raba Cocin Ingila da gwamnati. Samarin sun ji daɗi, har gasar haddace su suka yi. Ni kuwa da na rufe shago na biya ɗan acaɓa, ban ga ranar da za su yi mini ba.

Abin da nake ƙishirwa shi ne Turancin takardar haya da ta banki, shi kuma dare ɗaya kacal aka ba shi. A nan ne ma alli yake gazawa. Ka fasa "notwithstanding" gida uku ba za ka tsinci komai ba, sai an gaya maka "duk da" take nufi. "Hereinafter" kuwa, daga nan zuwa ƙarshen takarda. "Without prejudice" a saman wasiƙar lauya ba maganar son zuciya ba ce, nufinsa abin da aka rubuta don neman sulhu ba zai zama hujja a kan mai shi a kotu ba. Na yaba wa Malam da ya fito fili ya ce irin waɗannan haddace su ake yi, dabararsa ba ta kai nan ba. Takardun da ya raba mana ma hoton ya dushe, in aka ɗauke wuta sai da fitilar waya. Furuci kuma ba a ba shi lokaci sosai ba, kuma babu ajin mata, ga ƙanwata da ke karatun jinya tana so.

Duk da haka kuɗina bai faɗi ba. Makon jiya wata dattijuwa mai sayen omo a wurina ta ciro takardar jikanta, an rubuta "tonsillitis", hankalinta a tashe. Na ce, "Inna, kumburi ne a maƙogwaro, ki koma wurin likitan ya yi miki bayanin maganin." Ta yi ta sa mini albarka.

Malam zai buɗe sabon aji bayan Sallah. Na rubuta sunan babban ɗana, na kuma roƙi Malam ya mai da daren takardun lauya uku. Ya ce in kawo masa takardar hayar shagona mu fara da ita.