Tinariwen ta da ko ta yanzu: wane kundi za ka fara saya?

Ɗan yayata ne ya tono wannan magana. Ya zo hutu, ya tarar da ni ina fama da rediyon mota, ya ce, "Kawu, kuɗin kundi ɗaya ne da ni, kuma Tinariwen nake so. Tsoho zan saya ko sabo?" Na ce ya jawo kujera, don a gabana wannan tambaya ta sha sa shayi ya huce a majalisa ana ta musu.

Ga wanda bai san su ba, Tinariwen makaɗan jita ne, Abzinawan yankin Kidal a arewacin Mali. Ibrahim Ag Alhabib ya tara su wajajen 1979 a Tamanrasset, kudancin Aljeriya, inda yake zaman gudun hijira. Yana ƙaramin yaro aka kashe mahaifinsa a tawayen 1963, jitarsa ta farko kuwa da gwangwani da sanda da wayar birkin keke ya haɗa ta. A shekarun 1980 shi da abokansa suka shiga sansanonin horon soja na Gaddafi a Libiya. Can waƙoƙin suka nuna, ana naɗa su a kaset, wannan ya kwafa ya ba wancan, har suka cika hamada. Wasu cikinsu sun ɗauki bindiga a tawayen 1990, suka ajiye bayan sulhu. Turawa na kiran kiɗan da sunan rok na hamada. Masu abin kuwa assuf suke cewa, wato kewa da begen gida.

Masoyansu sun rabu gida biyu. 'Yan da suna cewa da tsohuwar zuma ake magani. A ganinsu tun da ƙungiyar ta ci Grammy, babbar kyautar kiɗa ta Amurka, a 2012 sai kowane kundi ya zo da baƙin makaɗa daga Amurka, wutar ta lafa, tafi da guɗar mata suka yi ƙaranci, aka koma yi wa masu zama a kujerun manyan ɗakunan Turai kiɗa. 'Yan yanzu su ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Hujjarsu mai ƙarfi ce: sautin sababbin kundaye tas yake, kuma ba son rai ya fitar da mutanen daga gida ba. A 2012 'yan Ansar Dine, masu iƙirarin jihadi, sun hana kiɗa a arewacin Mali, a farkon 2013 ma sun kama ɗaya daga cikin makaɗan, Abdallah Ag Lamida, kafin su sake shi. Wanda aka kora daga gida, a ina ake so ya naɗi waƙa?

Na saurari kowane ɓangare shekara da shekaru. Amsata ga ɗan yayata dai guda ce: Aman Iman, na 2007.

Sunan na nufin ruwa shi ne rai. An naɗe shi a Bamako, Justin Adams ya tsara sautin, Baturen Ingila da ya yi shekaru yana kaɗa wa shahararren mawaƙin rok Robert Plant jita, kuma shi ne dai ya yi aiki da su a kundinsu na 2001. Mutumin ya san inda zai sa hannu da inda zai bari. Jitocin suna da kaifi da ƙura, kamar an ɗauko su daga bayan mota bayan tafiyar kwana uku, amma kana jin kowace daban. Ibrahim ya ja baiti da muryarsa mai kaushi, wadda ba ta gaggawa, mata su amsa daga sama, tafi ya riƙe tsakiya, Eyadou Ag Leche yana bin ƙasa da jitarsa mai kaurin murya. Babu tarin gangunan Turawa, Said Ag Ayad da hannunsa yake bugu. Tafiyar kiɗan tafiyar raƙumi ce: in ka ƙosa ka ce ba ya sauri, in ka saki jiki sai ka ga kun yi nisa.

Abin da ya sa nake fifita shi ya wuce sauti. A nan ne dattawan ƙungiyar suka haɗu da samarin da suka shigo daga baya, kowa na kan ganiyarsa. Akwai Ibrahim, akwai Abdallah Ag Alhousseyni mai laushin murya, akwai Alhassane Ag Touhami da ake gani yana rawa a gaban dandali, akwai kuma Mohammed Ag Itlale, wanda aka fi sani da Japonais, mawaƙin da ba ya son yawon duniya, ya rasu a 2021, Allah ya jiƙansa. Waƙoƙin da yawa tsofaffi ne na zamanin kaset aka sake naɗa su da kayan aiki na kirki, don haka mai son na da ya samu, mai son tsaftar sauti ma ya samu. Ɗaya tana magana kan shekarar 1963. Wata kuma sunan Mano Dayak take ɗauke da shi, jagoran Abzinawan Nijar da ya rasu a haɗarin jirgin sama a duwatsun Ayar a Disambar 1995, wanda filin jirgin Agadas ke amsa sunansa. Na taɓa sa ta a mota da wani dattijo ba'abzine da na rage wa hanya. Bai ce uffan ba har ta ƙare, ya gyara rawani, ya ce, "Ɗana, maido ta." Sau uku muka ji ta kafin ya sauka. A shekarar da kundin ya fito suka buɗe wa Rolling Stones, shahararrun makaɗan rok na Ingila, wasa a ƙasar Ayalan, bayan shekara uku suka hau dandalin bikin buɗe gasar cin kofin duniya a Afirka ta Kudu. Waƙa 12 ne a ciki, ka riƙe wannan lamba, za ta yi maka amfani nan gaba.

In kuɗi sun ragu, Amassakoul na 2004 ne na biyu. Ƙanen Aman Iman ne a sauti ko da yake ya girme shi, ya fi shi ɗanyantaka. The Radio Tisdas Sessions na 2001, wanda aka naɗa a gidan rediyon Kidal, na masu haƙuri ne. Ina girmama shi fiye da yadda nake sa shi. Imidiwan na 2009 an yi shi a Tessalit, mahaifar Ibrahim, kuma shi ne na ƙarshe da 'yan da ke karɓa ba gardama.

Sai sababbi. Tassili na 2011 shi ya ci Grammy, an naɗe shi a hamadar da ke kusa da Djanet ta Aljeriya da jitoci marasa lantarki, da baƙi Amurkawa 'yan ƙungiyar TV on the Radio da masu busa daga New Orleans. Yana da daɗi da daddare, amma ranar da na ji Turanci a tsakiyar waƙar Tamashek, harshen Abzinawa, sai da na duba ko wayata ce ta tsallaka. Emmaar na 2014 a hamadar Joshua Tree ta Kalifoniya aka yi shi, nauyin zuciya ya yi masa yawa. Elwan na 2017, ma'ana giwaye, ya fi shi kuzari, kuma in dole sai sabo, shi zan nuna maka. Amadjar na 2019 an haɗa shi a kan hanya daga Maroko zuwa Muritaniya, muryar mawaƙiyar Muritaniya Noura Mint Seymali kaɗai ta isa dalilin saurare. Amatssou na 2023, da mai tsara sauti Daniel Lanois da banjo da gogen mutanen Nashville, ɗan yayata na son sa, ni na ji sau biyu na ajiye.

Akwai wani abin dariya da nake tsokanar 'yan da da shi. A 2022 an sake fitar da Kel Tinariwen, naɗin da wasu 'yan ƙungiyar suka yi a Abijan a 1991. Kowa ya zaci zai ji jita da iska da tafasar shayi. Sai ga piyano na lantarki da gangar inji, irin kiɗan birni na wancan zamani. Ashe tun fil azal mutanen nan ba su ƙi sabon abu ba. Kada dai ka fara da shi.

Yanzu ga inda aka ƙone ni, kuma shi ne abin da ya fi damuna fiye da musun tsoho da sabo.

Shekarun baya na tsaya a rumfar wani mai ɗora waƙoƙi a bakin tasha, na ce ina son Tinariwen. Ya ce, "Alhaji, ai ka zo gida, kaf ɗinsu gare ni, har na zamanin tawaye." Ya cika mini memori, ya rubuta sunan a jiki, ya gwada mini biyu na farko, lafiya lau. Na biya ban ko nemi ragi ba. Cinikin biri a sama na yi. Da muka ɗauki hanya sai asiri ya fara tonuwa. Ta uku ta wani mawaƙi ce daban, Bombino. Ta biyar wani biki ne aka ɗauka da waya, ana jin kukan yaro da ƙarar janareta. Can sai ga wasu ƙungiyoyin, Terakaft da Tamikrest, ga wata murya da aka matse da inji. Duk ba a sa musu suna ba sai lamba. Kafin a kai rabi waƙoƙin suka daina buɗewa ƙwata-ƙwata, don memorin kansa jabu ne: a waya yana nuna 32GB, cikinsa bai kai ko kusa ba, duk abin da aka ƙara bayan ya cika sai ya lalace. Sa'a tara na yi a hanya da waƙa goma sha wani abu.

Ba ina kushe waɗancan makaɗa ba ne. Bombino ɗan Agadas gwani ne, Terakaft ma tsofaffin 'yan Tinariwen ne suka kafa ta, Tamikrest 'ya'yan Kidal ne da suka tashi da kaset ɗin dattawan. Amma in na biya kuɗin dabino kada a ba ni goriba. Kuma bambancewa ba wuya in ka sa kunne. Bombino ya fi sauri, yana da gangunan Turawa, yana barin jita ta yi ta gudu ita kaɗai. In ka ji muryar da aka bi da inji irin ta waƙoƙin finafinan Hausa, to wataƙila makaɗin Nijar Mdou Moctar ne na farkon fari, don kundinsa na farko a Sakkwato ya naɗe shi a 2008. Tinariwen ba sa gudu, kuma da wuya mutum ɗaya ya yi ta waƙa ba amshi.

Mafi hatsarin tarko shi ne kalmar "zamanin tawaye". Kaset ɗin shekarun 1980 gaskiya ne sun wanzu, amma ba su da bango ko jerin suna, an kwafa an sake kwafa har sautin ya zama kamar ana soya gyaɗa. Saboda haka duk wani naɗi mai shushu da aka tsinta, sai a liƙa masa sunan Ibrahim a ninka kuɗi. Wanda ya ce yana da su cikakku, tambaye shi a ina aka naɗa, wa ke waƙar. In ya fara kame-kame, kama gabanka. Mai son tsofaffin naɗi na gaskiya ya nemi Idrache na 2024, wanda ƙungiyar da kanta ta tattaro daga ajiyarta.

Kafin ka ba da kuɗi a rumfa, kada ka yarda mai kaya ya zaɓar maka abin gwaji. Karɓi wayar, ka gangara can ƙasa, ka buɗe ta ƙarshe da ta tsakiya. Ƙirga waƙoƙin: in an ce maka Aman Iman ne ka ga 30, an yi algus. Duba nauyin fayil. Waƙar minti biyar mai inganci sosai tana kai wa 12MB, mai matsakaicin kyau wajen 5MB. In ka ga 1MB, an tatso ta ne daga bidiyo, an matse ta har ta mutu, kuma abin da ke fara mutuwa shi ne tafi da guɗa, wato ainihin abin da ka zo saya. Da irin wannan fayil ne wani abokina ya yanke hukunci cewa tsofaffin kundaye ba su da sauti, alhali bai taɓa jin su ba. In kana da data, manhajar Shazam za ta gaya maka mai waƙar cikin daƙiƙa kaɗan, a gaban mai rumfar. Memori kuwa ka je da naka, wanda ka riga ka cika shi taf ka tabbatar komai na buɗewa.

A intanet ma ba a tsira ba. YouTube cike yake da bidiyon sa'a biyu ko uku da hoton masu rawani a kan tudun yashi, an rubuta Tinariwen, ciki kuwa gauraye ne. Nemi shafin ƙungiyar na ainihi, ko ka bi ta Spotify da makamantansa inda kowane kundi ke da shekararsa da jerin waƙoƙinsa. Nan ne ma ya fi dacewa ka ɗanɗana kafin ka saya. Masu sha'awar faifan garmaho su sani an sake buga tsofaffin kundayen a 2022, saboda haka wanda ya ce maka nasa ne kaɗai ya rage a duniya, yana son kuɗinka ne. Faifan CD kuma ka buɗe ka ga ɗan littafin da ke ciki. Na gaskiya yakan zo da baitocin da fassararsu da sunayen makaɗa. Na jabu takarda ɗaya ce mai dusashen hoto, bayan faifan yana ɗaukar ido da shuɗi ko kore, alamar a kwamfutar wani aka ƙona shi.

Ɗan yayata ya saurari duk wannan, ya ce, "To Kawu, Amatssou fa?" Na ce ya ji shi a waya kyauta tukuna. Na shiga ɗaki na ɗauko masa nawa Aman Iman, wanda bangonsa ya tsage a gefe, na ce aro ne, ranar Juma'a nake son abina.