Inda za a ajiye tayar ko-ta-kwana a tsohuwar motar da aka yi wa kwaskwarima

Kowace tsohuwar mota da ke yawo a Maraɗi, daga Peugeot 504 da aka fara ƙerawa a Faransa a 1968 aka kuma daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, zuwa Land Cruiser da Land Rover na da, ta fito daga masana'anta da wurin da aka ware wa taya ta biyar. Wurin yakan ƙwace ne bayan an shiga gyare-gyare, domin wani ya sa wili mai faɗi wanda tayarsa ba ta shiga tsohon gurbin, wani ya ƙara tankin mai ko tukunyar gas, wani kuma ya cika but da akwatin lasifika, ko ya sauya hanyar salansa ta bi ta inda tayar ke kwanciya. Wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce cikin gari ba yana iya yin sakaci ya sha, tun da masu faci suna ko'ina, amma mai bin hanyar Dakwaro ko Mayahi, ko mai sauka daga kwalta ya nufi ƙauyuka ta cikin rairayi da ƙayar aduwa, bai kamata ya tashi ba tare da ita ba.

Kafin a je wurin mai walda, sai an fara tabbatar da irin tayar da za a nema wa wurin, kuma a nan ne mutane da yawa suke kashe kuɗi a banza. Abin da ake buƙata shi ne tsayin tayar ko-ta-kwana ya yi daidai da na sauran huɗun, amma ba dole ba ne faɗinta ya kai nasu. Tayar 175 R14 irin wadda 504 ta saba ɗauka tana da tsayin milimita 636, ita kuwa 195/65 R15 da ake yawan sawa a kan wilin alminiyam tana da milimita 635, wato bambancinsu a faɗi ne kawai. Saboda haka wanda ya yi irin wannan sauyi yana iya riƙe tsohon wilinsa na ƙarfe da siririyar tayarsa, ya bar su a gurbinsu na asali, bai biya kowa komi ba. Sharaɗin shi ne ramukan noti su dace, kuma 504 tana da ramuka 4 a kan da'irar milimita 140, ma'aunin da ba kasafai ake samunsa a wasu motoci ba, don haka wilin da aka tsinta a kasuwa yana iya yin kama da nata amma ya ƙi zama. Idan an sa birki mafi girma a gaba, tsohon wilin na iya gugar sa. Notin wilin alminiyam kuma sau da yawa ba ya kama wilin ƙarfe yadda ya kamata, sai a ajiye notunan asali a cikin mota.

Ga mai salun ko break (mai dogon baya da kaya ke zama bayan fasinjoji), ƙarƙashin bayan mota shi ne wurin da na fi amincewa da shi, kuma a nan ne 504 take rataye tayarta a cikin kwandon ƙarfe tun asali. Nauyin yana ƙasa, rana ba ta dukan robar, but kuma ya zama na kaya. Idan sabuwar tayar ta fi kwandon kauri da ɗan kaɗan, mai walda yana iya sauke shi ko faɗaɗa shi da aiki mai sauƙi, sai dai kowane santimita da aka sauke an rage shi ne daga tazarar da ke tsakanin mota da ƙasa, kuma a hanyar rairayi mai tudu a tsakiya wannan tazarar ita ce ke raba mai wucewa da mai kafewa. Dole ne a bar sarari tsakanin taya da salansa, ko a sa farantin ƙarfe ya tare zafi. Akwai kuma wahalar da ba a ganinta sai ranar buƙata, domin idan tayar baya ce ta sace, motar takan zauna har kwandon ya kasa buɗewa sai an ɗaga ta da jak, kuma kusar da ke riƙe shi takan ci tsatsa bayan damina idan ba a shafa mata giris ba. A sa masa kwaɗo, saboda tayar da ke waje tana da masu sha'awa.

Cikin but shi ne na biyu, musamman idan siririyar taya ce da za ta tsaya a jikin bango ɗaya. Tana cin wurin kaya, amma ta tsira daga rana da ɓarayi, kuma duba iskarta ba ya buƙatar kwanciya a ƙasa. A nan kuskuren da aka saba yi shi ne a jefa ta haka nan ba ɗauri. A cikin break, inda babu abin da ya raba kaya da fasinjoji, taya da wilinta masu nauyin kilo goma sha wani abu suna iya tashi su faɗa kan mutane idan aka yi karo, don haka a ɗaure ta da kusa mai ratsa tsakiyar wili zuwa ƙasan mota, a kuma sa farantin ƙarfe ta ƙasa don kada kusar ta yaga daben.

Mariƙin da ake kafawa a bayan mota, mai buɗewa kamar ƙyauren gida, ya fi dacewa da Land Cruiser da ire-irenta, saboda suna da shasi na daban wanda za a ɗaure bamba mai ƙarfi a jikinsa, kuma tayarsu ta 7.50 R16 da wilinta takan haura kilo 30. Salun da break na 504 ba su da irin wannan shasi, jikin motar ne ke ɗauke da kansa, kuma idan aka liƙa mariƙi a falankin baya, girgizar hanyar burji za ta tsaga wurin a hankali. Haka abin yake ga wanda ya rataya babbar taya a ƙofar baya kai tsaye, inda maƙalan ƙofar ke sakin jiki har ta daina rufuwa da kyau, ƙura ta riƙa shiga. Mai sayen irin wannan mariƙi ya duba kaurin sandar da yake juyawa a kanta, da makullin da ke hana shi kaɗawa, sannan ya tabbatar tayar ba ta rufe lambar mota ko fitilun baya ba, in ba haka ba zai sha tambaya a shingen jandarmomi. Wannan ne zaɓi mafi tsada, amma yana ba da damar ɗaukar taya biyu ba tare da an taɓa wurin kaya ba.

Saman mota shi ne mafi araha, shi ya sa aka fi ganinsa, amma ni ina sa shi a ƙarshe. Nauyin da ke sama yana ƙara wa mota tangaɗi a kwana, zafin watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, yana busar da roba har ta tsattsage, sauke taya daga can kuma ba aikin mutum ɗaya ba ne. Wanda ba shi da wata mafita ya kwantar da ita, ya rufe ta da tamfol. Murfin inji kuwa a bar wa Land Rover da aka ƙera da wurin, kuma kada a yarda a kafa taya a gaban lagireto, domin za ta tare iskar da ke sanyaya inji.

Ƴar siririyar tayar wucin gadi da ke zuwa da motocin zamani tana jan hankali saboda ƙanƙantarta, sai dai an ƙayyade mata gudun kilomita 80 a awa, tana buƙatar iska mai yawa, wajen bar 4.2, kuma da wuya a sami mai ramukan da suka dace da tsohuwar Peugeot. Idan ta fi sauran gajarta, bai dace a sa ta a baya ba a motar da ƙafafun baya ke turawa, sai a ɗauko ta gaba a mayar baya, ita kuma a sa ta a gaba. Ruwan toshe huji da ƙaramin famfon lantarki suna maganin ƙusa ko ƙaya a tayar da ba ta da tib, amma ba su da amfani idan gefen taya ne ya yage, ko idan wilin mai tib ne kamar na tsofaffin Land Cruiser da yawa. A ɗauke su a matsayin ƙari kawai.

Wanda zai sayi tayar hannu don wannan aiki ya karanta lambobi huɗu na ƙarshe da ke bayan haruffan DOT a gefenta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019, kuma wadda ta kai shekara 10 a bar ta ko da zanenta bai ci ba. Kafin a biya mai walda cikon kuɗinsa, a sace iskar tayar baya ɗaya a bakin garejin, a fito da ta ko-ta-kwana da jak da sifana na cikin motar, a ɗaura ta, sannan a gwada ko babbar tayar da aka cire za ta sami wurin zama a hanyar komawa gida.