Kamfanin da ya riƙe mana aikin ginin Islamiyyar unguwa: abin da na gani da idona

Tun da aka buɗe makarantar nan mutane suke ta damuna a waya da WhatsApp, wai kamfanin da muka ɗauka ya kula mana da aikin ya suke, kuɗin da muka ba su ya ci kuwa ko asara muka yi, to bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta in huta. Ba zan kama sunansu ba, don akwai inda zan yabe su akwai kuma inda zan caccake su, sannan har yau da ragowar lissafi a tsakaninmu. Ni sakataren kwamitin gini ne kawai, aikina koyarwa, kafin wannan aikin ban san bambancin rodi 12 da 16 ba.

Aikin shi ne bene hawa ɗaya, aji biyar a ƙasa biyar a sama, ofis, banɗakunan maza da na mata, rijiyar burtsatse da tankinta, sola, sai katanga. A baki kamar ba komai ko? To amma birkiloli daban, kafintoci daban, masu ɗaurin rodi daban, mai wayarin, falamba, masu haƙar rijiya, masu sola, kowa da ogansa kuma kowa gani yake nasa aikin ne gaba. Kuɗin ma ba a dunƙule yake ba, taimako ne, yau wani bawan Allah ya turo miliyan biyu, sai kuma a yi wata guda ba ko sisi sai abin da aka tara a masallaci ranar Juma'a.

Da kanmu muka fara a farkon 2023, muka yi fandisho muka ɗora bulo har linta. Sai ga 29 ga Mayu an cire tallafin mai, litar fetur daga ƙasa da 200 ta haura 500, a watan Yuni kuma aka saki naira ta nemi farashinta da kanta, tifar yashi ta tashi, komai ya tashi, lissafinmu ya watse. Ga shi kowane ɗan kwamiti da nasa maginin da yake so a ba, in an zauna mitin sai musu, ginin ya kwana ya tashi a cikin damina har ciyawa ta fito a cikin azuzuwan. A watan Oktoba ne wani ɗan unguwa da yake aiki a Abuja ya ce ku daina wahalar da kanku, ku ɗauki masu kula da aiki. Abin da ya kamata a gane shi ne su ba 'yan kwangila ba ne, ba sa ɗora bulo ko ɗaya, aikinsu su tsara, su sa ido, su auna abin da aka yi, su ce a biya ko kar a biya. Muka yi da su a kan kashi 6 cikin ɗari na kuɗin ragowar aikin, kuma wallahi ranar da aka faɗi wannan kuɗin sai da Alhaji shugaban kwamitinmu ya cire hula ya fifita kansa da ita, ya ce yanzu mutumin da ba zai taɓa siminti ba shi za mu ba kuɗin aji guda?

Sati biyun farko ba su bari an taɓa komai ba. Sun nemi takardar izinin gini ta KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, da zanen injiniya, Allah ya sa muna da su, suka turo mai lissafin kayan gini ya bi bango bango da tef ya fitar da abin da suke kira BOQ, wato jerin duk abin da ya rage, siminti buhu nawa, rodi tan nawa, kwano bandir nawa, har ƙusa. Injiniyan da suka ajiye mana, wani matashi mai shiru-shiru, ya ɗauki bulo ɗaya cikin wanda muka tara ya sake shi daga daidai ƙirjinsa, sai ga shi ya zama gari. Ya ce wannan an matsi buhu ɗaya ya haifi bulo kusan hamsin, ba zai hau bene ba, sai dai katanga. Ya tuna mana benen da ya rufta a titin Beirut na nan Kano a 2022, ya ce mu kuma yara za mu zuba a sama. Babu wanda ya ƙara magana.

Abin da ya fi burge ni a aikinsu wata doguwar takarda ce da suka manna a bangon ofis, kowane aiki da layinsa, an ja masa sanda daga ranar farawa zuwa ranar gamawa, wasu sandunan baƙaƙe wasu ja. Jadawalin Gantt sunanta, wai sunan wani injiniya ne ɗan Amurka da ya yaɗa ta sama da shekara ɗari da suka wuce. Na tambayi Injiniyan namu jan fa na mene ne, ya ce Malam, waɗannan su ne in ɗaya ya makara kwana ɗaya to ranar buɗe makaranta ma ta matsa kwana ɗaya, baƙaƙen kuwa suna da sarari. Katanga ko ta yi wata biyu tana jira ba komai, amma dekin ja ne, don sai an zuba shi ya yi ƙwari za a ɗora bulon sama, sai bulon sama ya kai za a yi rufi, rufin kuma dole ya riga ruwan Yuni, in ba haka ba filasta da silin duk sai bayan damina. Mu da a da duk inda kuɗi ya shigo sai mu ce a yi abin da ido zai gani, har get muka taɓa sayowa na ƙarfe mai ado alhali ko dekin babu.

Da wannan takardar ya shawo kanmu a Disamba muka zuba duk abin da ke asusu a kan rodin dekin gaba ɗaya, siminti kuma ya ce kar a jibge shi a sito don ba ya son daɗewa, danshi na kama shi ya dunƙule, sai dai a biya dila a karɓi rasit a riƙa ɗiba. Lokacin buhu dubu biyar da wani abu ne. Wasu a kwamiti suka ce ai wannan ganganci ne a bar asusu wayam. Watan Fabrairu na 2024 buhu ya haura dubu goma, har sai da ministan ayyuka David Umahi ya zauna da Dangote da BUA da Lafarge aka ce a mai da shi tsakanin 7,000 da 8,000, kuma duk wanda yake gini a lokacin ya san a kasuwa ba a ga hakan nan take ba. Na zauna na buga lissafi, ratar da muka tsira da ita a siminti da rodi kaɗai ta kusa biyan kuɗin kamfanin. Ban ce duba suka yi ba, sa'a ma ta taka rawa, amma da mu kaɗai ne da wannan kuɗin tayil za mu saya.

Ranar zuba dekin kuwa an yi ƙaramin yaƙi. An yi hayar injin kwaɓa kankare, lebura sun fi talatin sun hallara tun bayan asuba da kwanukansu, matan unguwa sun dafa shinkafa da wake sadaka, sai Injiniya ya hau sama ya zagaya ya sauko ya ce ba za a zuba ba. Mai wayarin bai gama shimfiɗa fayif a aji biyu ba, sannan a gefen matakala masu rodi sun buɗa tazara ta wuce yadda zane ya ce. Shugaban birkiloli, dattijo ne da ya girmi uban Injiniyan, ya ce yaro shekara arba'in ina zuba dekin ba wanda ya taɓa faɗuwa. Shi kuma ya rusuna ya ce Baba na sani, don Allah a yi haƙuri, amma ni ba zan sa hannu ba. Alhaji ya zo ransa a ɓace, Injiniya kuɗin injin fa, abincin fa? Ya ce ranka ya daɗe, asarar yau ta kwana ɗaya ce, in aka rufe fayif ɗin nan babu sai an fasa kankare. Haka aka ci shinkafar aka watse, aka biya lebura rabin yini, bayan kwana biyu aka zuba. Ya cika wasu ƙananan akwatuna da kankaren ya kai gwaji, na kwana 7 da na kwana 28, ya sa wani yaro yana shayar da dekin ruwa safe da yamma, ya kuma hana a cire katakon ƙasa duk da kafinta na ta mita yana son kayansa a wani aikin.

Akwai kuma takardar canji, wannan ita ce ta yi maganin masu bayar da taimako da sharaɗi. Wani attajiri da ya ba mu kuɗi mai kauri ya zo zagaye ya ce a mai da aji biyu na sama su zama babban zaure na walimar sauka. Da a da ne take za a ce an gama Alhaji. Injiniya ya ce to, washegari ya kawo takarda shafi ɗaya, cire bangon tsakiya na nufin sai an canza tsarin rufi, kuɗi kaza, sati uku ƙari, ga wurin sa hannu da wurin rubuta wanda zai biya. Attajirin ya karanta ya yi dariya ya ce a bar shi yadda yake.

To yanzu inda suka ba ni haushi. Rijiya. Duk wanda ya san Kano ya san ƙasanmu dutse ne, ruwa sai inda dutsen ya tsage, shi ya sa ake kiran masu na'ura su auna kafin a haƙa. Su da suke ta yi mana wa'azin wane aiki ke jiran wane, sai suka bar awon ruwa a can ƙarshe a matsayin aikin da ba ya sauri, suka bari aka haƙa sokawe aka gine shi, da masu awo suka zo sai ga shi wurin da ya fi alamar ruwa taku kaɗan ne daga sokawen, alhali ana so a samu tazara kamar mita 30 saboda kar najasa ta gurɓata ruwan da yara za su sha. Dole aka cike wancan aka haƙa sabo a ɗaya kusurwar, aka sake jan fayif. Da muka tsare su a mitin sai manajansu ya fara zuba Turanci, da ƙyar dai ya yarda kuskurensu ne suka yafe kuɗinsu na wata ɗaya, wanda ko rabin ɓarnar bai kai ba.

Sannan tsarin biyansu bai san talaka ba. Sai an gama aiki, a auna, a rubuta satifiket, a kai ofishinsu wani oga ya sa hannu, sannan ma'ajinmu ya tura kuɗi. A takarda abin sha'awa, amma lebura da yamma yake son kuɗinsa ya yi cefane. Azumin 2024 ya kama daga wajen 11 ga Maris, ga zafi ga ƙishirwa, aiki daga asuba zuwa sha ɗaya ne kawai, su kuma a jadawalinsu sun lissafa cikakken yini kamar ba a garin suke ba. Ana saura kwana huɗu sallah satifiket ya maƙale wai oga ya yi tafiya, ma'aikata suka ajiye cebur, sai da ni da ma'aji muka ranto kuɗi a wajen wani ɗan kasuwa muka sallame su. Rahotonsu na wata-wata ma shafi kusan ashirin ne da Turanci da zane-zane kala-kala, a kwamitin mutum tara mu biyu ne muke iya bi, sai da na roƙa sannan Injiniya ya koma turo saƙon murya da Hausa a guruf duk ranar Alhamis, minti uku, abin da aka yi, abin da ya rage, kuɗin da ake buƙata sati mai zuwa, kuma wannan ya fi rahoton amfani nesa ba kusa ba.

Mafi ciwo, ana gama rufi suka ɗauke mana Injiniyan suka kai shi wani babban aiki, suka turo wani da bai san hawa ba bai san sauka ba, sati uku yana tambayarmu abin da ya kamata a ce yana cikin fayil, masu sola suka zo ya nuna musu ɓangaren rufin da ba shi aka ƙarfafa don fanel ba, Allah ya sa Baba birkila yana wurin ya ce a'a ba nan yaron nan ya ce ba. Duk wanda zai ɗauke su ya sa a rubuta sunan injiniyan a cikin yarjejeniya, da sharaɗin ba za a canza shi ba sai da yardarku, ya kuma ware ɗan kuɗin hannu na biyan lebura wanda ba sai ya jira sa hannun ofis ba. In kuma ɗaki biyu da falo za ka yi, ka riƙe kuɗinka ka nemi magini mai amana, wannan hidimar ta aikin da ya tara hannuwa da yawa ce.

An yi za a ba mu makulli a Satumba, sai Nuwamba muka karɓa, rufi dai ya riga ruwa da kwana tara. In maki ne ina ba su bakwai cikin goma, Alhaji ya ce shi takwas zai ba su, shi da ya fi kowa ƙin a ɗauke su. Cikin shawararsu ne aka riƙe kashi 5 na kuɗin kowane ɗan kwangila har wata shida ko wani abu zai ɓullo, ya kuwa ɓullo, bangon banɗakin mata ya fara jiƙewa ta ƙasa, falamba da ya daina ɗaga wayata tuni sai ga shi da kansa da kayan aiki da aka tuna masa kuɗinsa na hannunmu. Nasu kason na ƙarshe ma yana nan a asusu ba mu sake shi ba, sai sun kawo mana zanen da ke nuna ainihin inda kowane fayif da waya suka bi a cikin bango, sau uku ke nan suna cewa ranar Asabar.