Na je dajin Lekki don sha-kauci, kuma na gan shi

Ranar Asabar ni da ƙanina muka baro Agege tun bayan sallar asuba muka nufi Lekki Conservation Centre, dajin da aka keɓe don kare namun daji a Legas, don in ka bari rana ta ɗaga gosulon hanyar Lekki zuwa Epe sai ya cinye maka rabin yini. Yawancin mutane gadar da aka rataya a saman bishiyoyi mai tsawon mita 401 suke zuwa hawa su ɗau hoto su tafi, ni kam wani tsuntsu, sha-kauci, ne ya kai ni.

Gaskiya ɗan rakiyar da muka samu ya san aikinsa. Maimakon ya ja mu gada sai ya tsayar da mu kan hanyar katako da ta ratsa dausayi, ya ce mu yi shiru mu kalli inda rana ke ratso ganye a gefen kurmi, wai can yake kiwo ba can cikin duhu ba. Ko minti goma ba a yi ba sai ga shi, ɗan mitsitsi kamar santimita 10, baya kore shar yana sheƙi, ciki ruwan ɗorawa, namijin da ɗan zare mai ruwan shuni a ƙirji. A gida sha-kauci muke ce wa danginsu don suna shan zaƙin furen kauci, to na ɗauka wannan ma fure kawai ya sani, ashe ƙwari ya fi ci, muna kallo yana bin ƙarƙashin ganye yana tsintar tsutsa da gizo-gizo, shi ya sa ma bakinsa bai kai na sauran tsawo ba. Har sheƙa ya nuna mana tana reto a reshe, an ɗinke ta da yanar gizo.

Hekta 78 ne wurin, ƙungiyar kare muhalli ta NCF ta kafa shi a 1990, yanzu benaye sun zagaye shi ta ko'ina, abin ya taɓa min zuciya wallahi.

Wajen ƙarfe sha ɗaya 'yan yawon buɗe ido suka cika wurin da ihu da waƙar waya, tsuntsaye suka yi ɗif. Ku je da sassafe, ku riƙe ruwa, kuma ku ɓoye abinci cikin jaka don biran wurin ba su da kunya, ƙanina na riƙe da biskit ɗaya ya fizge ya haye bishiya.