Gidan Betsy Ross a Philadelphia: Tarihin Iyali Ya Fi Labarin Tuta Armashi

Mafi yawan masu zuwa gida mai lamba 239 a titin Arch, cikin tsohuwar unguwar birnin Philadelphia, labarin tuta ne ke kawo su, wato cewa Betsy Ross ce ta ɗinka tutar Amurka ta farko a 1776 bisa buƙatar George Washington. A ganina wannan ne ɓangare mafi rauni cikin abin da gidan ke nuna wa baƙo, domin labarin bai fito fili ba sai a 1870, shekara 34 bayan rasuwarta, lokacin da jikanta William Canby ya gabatar da shi gaban ƙungiyar tarihi ta Pennsylvania, yana dogaro da abin da ya ji a bakin dangi. Abin da takarda ta tabbatar shi ne, a watan Mayun 1777 hukumar sojan ruwa ta Pennsylvania ta biya ta fam 14 da 'yan kai, ladan ɗinkin tutocin jiragen ruwa.

Inda kuɗin shiga ke biyan kansa shi ne tarihin matar da na iyalinta. Sunanta na yanka Elizabeth Griscom, an haife ta ranar 1 ga Janairun 1752, ita ce ta takwas cikin 'ya'ya 17 na wani kafinta mabiyin ɗariƙar Kirista ta Quaker. Ta koyi ɗinkin katifu, labule da rigunan kujeru, a wurin koyon ne kuma ta haɗu da John Ross, wanda ba ɗan ɗariƙarsu ba ne. Da suka tsallaka kogin Delaware suka ɗaura aure a New Jersey a 1773, jama'ar ɗariƙar suka kore ta. John bai daɗe ba ya rasu. Mijinta na biyu, Joseph Ashburn, matuƙin jirgin ruwa ne da Turawan Ingila suka kama a lokacin yaƙin neman 'yancin Amurka, ya mutu a kurkuku a can a 1782, kuma abin mamaki, abokin zamansa na kurkukun, John Claypoole, shi ne ta aura a 1783, suka haifi 'ya'ya mata biyar. A 1793 annobar shawara ta ɗauke mata uwa da uba.

Gidan ƙarami ne ƙwarai, ɗakunansa matsattsu ne, matakalarsa kuwa siririya ce mai murɗewa, saboda haka mai ciwon gwiwa ko dattijo ya san da wannan tun kafin ya sayi tikiti. Shawarata ita ce a karɓi na'urar bayani ta kunne, domin allunan bango kaɗai ba sa ƙosar da mai son sanin dangantakar mutanen. Abin da ya fi burge ni shi ne shagon ɗinkin da aka tsara, inda wata mata sanye da tufafin wancan zamani take amsa tambayoyi da sunan Betsy, har ta nuna yadda ake ninke takarda a fitar da tauraro mai tsini biyar da yankan almakashi ɗaya.

Masana tarihi har yau suna gardama kan ko a wannan ginin ta zauna ko a na maƙwabta, wanda aka rushe. Awa ɗaya ta isa a zagaya ko'ina, a ƙarasa a farfajiya, inda aka mayar da kabarinta tare da na Claypoole gab da bikin cikar Amurka shekara 200.