Corolla 1.6 ta 2005, shekara biyu ke nan ina jan ta a Garwa

Duk wanda ya gan ni da motar nan, ko a bakin kasuwa ko bayan sallar Juma'a, tambayarsa ɗaya ce, wai Malam ya take, in saya irinta? Jiya ma ƙanin babana ya tsare ni a kan maganar, na ce masa Baffa bari in rubuta gaba ɗaya kowa ya gani. Tawa Corolla ce ta Turai mai gajeren baya, ƙofa biyar, ƙirar 2005, ta tashar Duwala ta shigo, injinta 1.6 VVT-i na fetur, giyar hannu guda biyar. Irin waɗannan masu gajeren bayan a Ingila aka haɗa su, a masana'antar Toyota ta Burnaston, amma sitiyarinta a hagu yake kamar yadda muke tuƙi a nan Kamaru.

Abin da mutane suka fi ruɗewa a kai shi ne rubutun da ke jikin but. Akwai Terra, akwai Luna, akwai Sol, sai kuma T Sport. Terra ita ce ta ƙasa, ba wani kwalliya, Luna tsaka-tsaki, Sol kuma ita ce aka cika wa kaya, yawanci za ka same ta da rim na alminiyam da fitilar hazo da kilim, wato na'urar sanyaya mota, mai daidaita sanyi da kansa, ka sa masa lamba kawai ka ƙyale shi. To amma fa kowace ƙasa a Turai da irin kayan da ake zuba mata, Sol ɗin da ta fito daga Jamus ba lallai ta yi daidai da wadda ta fito daga Beljiyam ba, kuma wannan rubutun ai kowa na iya ɓamɓaro shi daga wata motar ya manna, na gani da idona a wajen wani dillali, an rubuta Sol amma gilashin baya da hannu ake murɗa shi. Don haka ni dai shawarata ka shiga ciki ka taɓa komai da hannunka. Tawa Luna ce kuma ban taɓa jin na rasa wani abu ba. Abu ɗaya ne ba na sassauci a kansa, kilim. Wasu Terra na farko-farko ba su zo da shi ba sam, saboda can ƙasar sanyi ce, sai a zo nan a ɗora mata na haɗe-haɗe. Wanda ya san Garwa a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke wuce 40, ya san kilim ba alatu ba ne, balle in kana ɗaukar yara ko tsoho zuwa asibiti. Ka tabbatar na kamfani ne, ka kunna shi da tsakar rana motar na tsaye, ba da safe ba.

Sai inji. Na 1.4 ƙarfin dokinsa 97, na 1.6 kuma 110. A takarda kamar ba wani bambanci, amma ka zuba mutum biyar da kaya ka kunna kilim ka nufi Ngaundere, in ka iso hawan dutsen nan na falez a nan za ka gane. Na taɓa jan 1.4 ta wani abokina a wajen, sai da na kashe kilim na koma giya biyu a bayan wata tirela, ita kuwa tawa a giya uku take hawa ba ta wani nishi, in hanya ta buɗe kuma ta wuce babbar mota ba tare da gabana ya faɗi ba. Duka biyun sarƙa ce a cikinsu ba bel ba, wato an rage maka ɗawainiyar canza bel. Akwai mai gas, wato dizal, ana ce mata D-4D, tana da ƙarfin ja kuma ba ta shan mai, sai dai injektocinta ba sa jure gas mai datti kuma gyaransu kuɗi ne sosai. T Sport ɗin kuwa 1.8 ce mai doki 192 da giya shida, mota ce ta gudu a kan kwalta mai santsi, ban ga abin da magidanci a nan zai yi da ita ba. Mai giyar otomatik ma akwai, giya huɗu, tana da daɗi cikin gari amma ta fi shan mai.

Wajen tuƙi, abin da na fara so shi ne sitiyarin. Na lantarki ne, ba ruwanka da man sitiyari ko yoyon famfo, ga shi sakayau, a cikin cunkoson 'yan mashin wajen babbar kasuwa ko hanyar Yelwa da yatsa biyu za ka juya ta, gajeren bayan kuma ya sa fakin ba wahala. A hanyar Marwa tana zama daram, kwana ba ta karkata sosai, amma gaskiya in ka wuce 110 ƙarar inji na shigowa ciki, giya biyar ɗin ta yi mata kaɗan. Birki faifai ne gaba da baya, da ABS. In ka taka da ƙarfi a kan tsakuwa za ka ji feda na karkarwa a ƙafarka, kada ka saki, aikinsa ke nan. Kuma don Allah a gangaren falez a riƙa saukowa da giya, a daina dogara da birki kaɗai, yana zafi ya daina kamawa.

Inda take da iyaka shi ne ƙasanta. Don titin Turai aka yi ta, ba ta da tsayi. Daminar bara na kai iyali wani ƙauye gaba da Pitowa, hanya ta zaizaye, muna cike, sai ji na yi ƙasa ta daki dutse, salansa ta lotse, Allah Ya sa ba kaskon baƙin mai ba ne. Bayan nan makanikena ya ɗan ɗaga ta kaɗan, ya ce Alhaji in aka wuce haka za ta riƙa cin roba da amortisa, wato abin da ke rage girgiza, kuma ba za ta zauna a kwana ba, na kuwa yarda da shi. In aikinka na shiga daji ne ko tsallaka mayo, wato rafi, da damina, ka tara kuɗi ka nemi RAV4 ko Hilux, kada ka wahalar da wannan.

Tankinta lita 55 ne. Ni a tafiya mai nisa wajen lita 7 take sha min a kilomita 100, cikin gari da kilim ta kan kai 9. Tun Fabrairun 2024 da litar fetur ta koma sefa 840 a gidan mai kowa na lissafi, zuwa-zuwa, wato fetur ɗin Najeriya da ake sayarwa a bakin hanya, shi ma ba arhar da tun da Najeriya ta cire tallafi a 2023. Sau ɗaya na sayi na kwalba a bakin hanya ashe da ruwa a ciki, motar ta yi ta shaƙewa har sai da aka sauke tanki aka wanke, tun daga ranar in ba dole ba gidan mai nake zuwa. Baƙin mai kuma kada ka yi wasa da shi, injin VVT-i da matsin baƙin mai yake aiki, in ya yi datti sai ka ji inji ya mutu murus. Lokacin hunturu da ƙura ina sa a busa filtar iska kusan duk sati biyu.

But ɗin ƙarami ne, buhun masara ɗaya da 'yan jakunkuna ya cika, sai dai ka kwantar da kujerun baya. Mai iyali da yawa gara ya duba doguwar ta Amurka mai 1.8, CE ko LE, but ɗinta ya fi girma nesa ba kusa ba. Kayan gyara kam ba matsala, akwai a Garwa, abin da babu kuma a kawo daga Yola ko Mubi, sai dai ka faɗa musu ta Turai ce don fitilu da bamba ba ɗaya ba ne da ta Amurka.

Baffa ya ce Asabar za mu je duba wata Sol ta 2004. Na ce masa mu isa da sassafe kafin a tayar da ita, mu ga ko tana fidda shuɗin hayaƙi in inji na sanyi, mu jira rana ta take mu gwada kilim, sannan mu haɗa lambar shasi da abin da ke cikin takardar duwan, wato kwastan, da kart giris, wato takardar rajistar mota, kafin a fara maganar kuɗi.