Faifan 16 Horsepower da ya iso a lanƙwashe: sharhi bayan wata uku

Duk wanda zai ɗauki faifan garmaho ya cusa shi a kwali mai laushi, ya ɗora akwatunan CD biyu a kansa, ya naɗe da salatif, sannan ya aika shi ƙasar da rana ke narka kwalta, to bai san sana'arsa ba. Kundi huɗu na ƙungiyar mawaƙan Amurka mai suna 16 Horsepower na saya a hannun wani mai sayar da tsofaffin faifai a intanet. Kun dai san irinsu, kun kuma san yadda kuɗin aike yake neman fin kuɗin kayan. Biyun farko, Sackcloth 'n' Ashes na 1996 da Low Estate na 1997, a CD suke. Secret South na 2000 da Folklore na 2002 kuma faifan garmaho ne. A tallarsa ya rubuta cewa duk kamar sababbi suke, kuma wataƙila haka suke ranar da suka bar hannunsa. Sai da suka yi sati biyar a hanya.

Secret South ya tsira saboda shi ne a ƙasa. Folklore shi ya ɗauki nauyin akwatunan CD ɗin, kuma ba a tsakiya suka zauna ba, gefe guda suka danne. Robar da ake yin faifai da ita tana fara laushi tun zafi bai wuce digiri 60 ba, kuma cikin kwantena ko bayan motar kaya da ta wuni a rana ba wuya ya kai haka. Laushi ga danniya a gefe ɗaya, me ake jira? Da na kwantar da shi a kan gilashin tebur, bakinsa ya ɗaga sama kusan milimita 4 a wuri guda, kamar faifan tuwo da ya kwana a ruwa. Faifai yana juyawa sau 33 da sulusi a minti, wato zagaye ɗaya ƙasa da daƙiƙa biyu. Don haka duk bayan daƙiƙa biyu hannun allura sai ya hau tudu ya gangaro, lasifika tana numfashi kamar mai asma, a tudu na uku ko na huɗu allurar ta tsallake layi.

Abin haushin shi ne lanƙwasa a bakin faifai ta fi muni, kuma a bakin ne waƙar farko take. A Folklore waƙar farko ita ce "Hutterite Mile", wadda ake tafiya da ita a hankali, shirun da ke cikinta ya kusa fin kiɗan yawa. Da a ce "Clogger" ce, wadda ta buɗe Secret South da jitar bes mai gurnani kamar injin niƙa, da ƙarar ta rufa wa faifan asiri. Amma a waƙar da murya ɗaya da 'yan tsirkiyoyi ke rataye a iska, ko ƙura ta faɗa sai kunne ya ji, balle allura ta yi tsalle.

A satin farko hukuncina a yanke yake: an cuce ni a faifai, kuma kundin ma bai cancanci wahalar ba. Waƙoƙi goma ne, bai cika minti arba'in ba, kuma huɗu kawai ne nasu na kansu. Sauran shida aro ne: ɗaya ta tsohon mawaƙin Amurka Hank Williams, ɗaya da aka sani a bakin tsohuwar ƙungiyar mawaƙa ta Carter Family, ɗaya ta gargajiyar Hangari, ɗaya daga Tuva can kudancin Siberiya, ɗaya tsohuwar waƙar ibada ta Amurka, ta ƙarshe kuma da Faransanci. Ganga ma da ƙyar ake jin ta. Wanda ya shigo ta ƙofar kundin farko zai ce waɗannan ai gajiya suka yi.

Domin wanda bai san inda suka taso ba, ƙungiyar a Los Angeles aka kafa ta a 1992. David Eugene Edwards, ɗan jihar Kolorado, ya haɗu da Faransawa biyu, Jean-Yves Tola mai ganga da Pascal Humbert mai bes, waɗanda suka fito daga wata ƙungiya mai suna Passion Fodder. Ba a daɗe ba Edwards ya koma Denver, Tola ya bi shi, Humbert ya tsaya, Keven Soll ya maye gurbinsa. Sunan kansa daga wata tsohuwar waƙar gargajiya aka ɗauko shi, wadda ta ambaci dawakai goma sha shida suna jan akwatin gawa zuwa maƙabarta. Edwards jikan mai wa'azi ne na cocin Nazarene, ya tashi yana bin kakansa yana jin wa'azin zunubi da hisabi da jana'iza, kuma bai taɓa ɓoye cewa da gaske yake ba. Wannan shi ya bambanta su da masu saka baƙaƙen kaya don ado. Duhun nasu na mutumin da yake tsoron Mahaliccinsa ne kuma bai yarda da zuciyar kansa ba.

Sackcloth 'n' Ashes, wanda kamfanin A&M ya fitar, a tsaye yake kamar sanda. Mutum uku ne, kowa ana jin sa. Banjo a gaba, bes na katako yana tafiya, Tola yana buga ganga ƙanƙance-ƙanƙance kamar sukuwar doki, ba ya cika wuri. A "Black Soul Choir" banjon ne yake jan ragamar waƙar gaba ɗaya, ba jita ba. (Banjo kuwa ba baƙo ba ne a kunnenmu. Asalinsa kayan kiɗan Afirka ta Yamma ne na ƙwarya da fata da tsirkiya, bayi suka tsallaka da fasaharsa, shi ya sa wani lokaci za ka ji kamar gurmi ne ya yi ƙaura.) A "American Wheeze" kuma Edwards ya ɗauko tsohon akwatin kiɗan nan mai zugazugi, ana jin iskar tana shiga tana fita kamar a maƙera. CD ɗin ba tabo, ba abin cewa.

Low Estate ya fi kauri. Humbert ya dawo, Jeffrey-Paul Norlander ya shigo da goge irin na Turawa da jita, John Parish, wanda aka sani da aiki da mawaƙiyar Ingila PJ Harvey, shi ya tsara ɗaukar sautin a Luwiziyana. Jitar lantarki ta ƙaru, murya ta ƙara tsawa. Ni a ganina nan ne suka fi kusa da zama ƙungiyar rok kamar kowace, kuma shi ne kundin da na fi saurin cirewa. Bayan shi aka haɗe kamfanonin faifai a Amurka, A&M ya narke cikin wani, suka rasa gida, sai kamfanin Glitterhouse na Jamus ya karɓe su. Dama a Turai suka fi samun masu sauraro. Secret South a wani gida na katako cikin duwatsun Kolorado suka ɗauke shi da kansu, kuma ana jin haka: an rage gudu, fiyano da kayan goge sun shigo, an bar wa kowace waƙa fili. A nan suka fara aron tsohon abu a fili, da "Wayfaring Stranger" da kuma wata waƙar Bob Dylan.

To, ga yadda aka yi da faifan. Kada kowa ya yarda da shawarar a shanya shi a rana tsakanin gilasai, ko a saka a tanda, ko a bi shi da dutsen guga. Zafi zai miƙar da shi, amma zai kuma narka bangon layin da allura ke bi, sai ka samu faifai a miƙe mai sautin rediyon da batirinsa ya mutu. Hanyar da ba ta ɓarna ita ce ta haƙuri. A fara wanke shi, don duk ƙurar da aka danne a ciki ta zauna ke nan: ruwan batir tsabtatacce wanda ba a sa masa asid ba, rabin lita, da ɗigo ɗaya na sabulun wanke-wanke, a shafa da ƙyalle mai laushi ana bin zagayen layi, ba a tsallake shi ba, kada ruwa ya taɓa takardar tsakiya. A ɗauraye, a jingine ya bushe da kansa. Sannan a sa shi a sabuwar rigar takarda, a kwantar tsakanin gilasai biyu masu kaurin milimita 6 da suka fi shi faɗi, a ɗora littattafai kamar kilo 10 a baje ko'ina daidai. A ɗaki mai inuwa, ɗumin ɗakin kawai ya isa. Sati shida ya yi a haka, ina juya shi duk sati. Tudun ya sauko daga milimita 4 zuwa kamar ɗaya da rabi. Bai miƙe sarai ba, kuma ba zai miƙe ba.

Sauran gyaran a na'ura yake. Allurata an ƙayyade mata nauyi tsakanin giram 1.8 da 2.2, na saba barin ta a 2, sai na kai ta 2.2, na daidaita maƙallin da ke hana hannu zamewa ciki ya yi daidai da haka. Kada a wuce abin da aka rubuta wa allura, kuma kada a ɗora kwabo a kanta kamar yadda ake yi wa garmahon da, cinye layin zai yi. Na kuma kunna matatar da ke yanke ƙaramin sautin da kunne ba ya ji, lasifikar ta daina haki.

Ranar da "Hutterite Mile" ta tafi daga farko har ƙarshe ba tsalle, sai na gane ashe ban taɓa jin kundin ba. Gwajin allura ya sa na saurari fuskar farko fiye da sau ashirin, kuma a nan ra'ayina ya juye. Abin da na kira gajiya, ashe zubar da kaya ne da gangan. Sun koma mutum uku, Edwards da Tola da Humbert, su ukun da suka fara, kuma duk abin da suka koya a shekara goma sun tace shi. Tola ya daina sukuwa, yana taɓa fata sau ɗaya ya bar ta ta yi amo. Humbert yana jan bes da bakan goge har sautin ya zama kamar ƙasa ce ke motsi. Waƙoƙin aron kuwa ba cike gurbi ba ne. Ta Hank Williams sun cire mata duk wani zaƙi sun bar ƙashi. Ta Tuva, wadda sunanta yake nufin goge mai kan doki, sun riƙe ta a kan sauti ɗaya mai tsawo irin na masu kiɗan makiyaya, kuma ta zauna kusa da waƙoƙinsu kamar uwa ɗaya ta haife su. Sai "Single Girl", wato ta Carter Family, ta faɗo tsakiya da banjo mai rawa, mutum ya yi ajiyar zuciya. Ba don ita da ta Faransancin ƙarshe ba, da nauyin ya yi yawa. Daga nan ake hango inda Edwards ya nufa da ɗaya ƙungiyar tasa, Wovenhand, wadda ya riga ya fara tun 2001, inda kiɗan gargajiyar wasu ƙasashe da amo mai tsawo suka zama gida. Folklore shi ne kundin situdiyo na ƙarshe. A 2003 aka tattara tsofaffin ɗauka aka fitar da Olden, a 2005 suka sanar da rabuwa, suka ce bambancin siyasa da na aƙida ya shiga tsakani.

Da a nan maganar ta tsaya da na ce kuɗina ya halatta. Amma duk lokacin da na zaro faifan sai na ga rigar kwalinsa a tsage ta ƙasa, tsawon yatsa, saboda mai sayarwar bai cire faifan daga rigar ba kafin ya aika. Kowane ɗan koyo ya san ana fitar da shi a ajiye a bayan rigar, in ba haka ba girgizar hanya za ta sa bakinsa ya yanka kwalin kamar wuƙa. Kwalin aike mai ƙarfi da fale-falen kwali biyu na tokare nawa suke? Ga Low Estate ma, jerin waƙoƙinsa ya bambanta tsakanin bugun Turai da na Amurka, hoton wani bugu ya saka, wani ya aiko. Na tura masa hotuna har da ma'auni a jikin tudun. Amsarsa layi biyu ce: lafiya lau ya bar hannunsa, zafin ƙasarku ne. Ya mayar da abin da bai kai kuɗin gilasan ba.

Kuma har yanzu, in an kashe fanka aka saurara da kyau, a minti na farko na "Hutterite Mile" akwai wani ɗan lilo a sautin, yana zuwa duk bayan daƙiƙa biyu. Baƙo ba zai ji ba. Ni da na san inda tudun yake, ina jiran sa kafin ya iso. Mai son Folklore ya nemi CD, ko ya sa mai sayarwa ya turo hoton yadda ya ɗaure kayan kafin ya biya, kuma kada ya yarda a haɗa masa faifai da CD a ƙunshi ɗaya, musamman in kayan za su sauka tsakanin Maris da Mayu.